Fasahar Liƙe-liƙe: Abin Da Turawa Ke Saye Da Miliyoyi, Ga Shi A Kasuwar Gidigir

Daga Wakilinmu, Damagaram

Duk matafiyin da ya taso daga Damagaram ya nufi gabas a kan babbar hanyar kwalta da ta ratsa Jamhuriyar Nijar tun daga Yamai har zuwa Difa, idan ya wuce Mirya da Gidimuni, kafin ya isa Gure sai ya ratsa ta garin Gidigir. Gari ne da ke cikin gundumar Gure ta Jihar Damagaram, a ƙasar Mangawa, inda tuddan rairayi suka kewaye kwaruruka masu goruba da dabino da kanwa. An fi sanin Gidigir da kasuwarta ta mako-mako, wadda ke tara Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, har da fatake daga Nijeriya masu zuwa sayen dabbobi.

Sai dai duk wanda ya bar kara, wato wajen cinikin dabbobi, ya kutsa cikin rumfuna, zai ga wata hajar da ba kasafai ake ba da labarinta ba. Ga faifan kaba da aka naɗe bakinsa da zaren tsohon buhu ja da kore. Ga kuben wuƙa da aka liƙa wa 'yan guntayen fata kala uku. Ga fitilar a-ci-bal-bal da aka ƙera da gwangwanin madara, ga takalmin da aka yanko daga tsohuwar taya, ga kuma yaro yana tura motar waya wadda ya yi wa ƙafafu da tsohon silifa, ya yi mata fitilu da marafan kwalba. Babu ɗaya daga cikin masu waɗannan ayyuka da ke kiran kansa mai zane. Amma abin da hannuwansu ke yi, wato tattara abubuwa mabambanta a haɗa su wuri ɗaya su ba da sura, shi ne abin da ake koyarwa a manyan jami'o'in duniya, ake kuma sayar da shi da maƙudan kuɗi a Landan da Niyok.

Mece ce fasahar liƙe-liƙe?

Turawa suna kiran wannan fasaha kolaj, daga wata kalmar Faransanci mai nufin liƙawa. A taƙaice, maimakon mai zane ya tsaya ga fenti da buroshi kaɗai, sai ya yanko takarda ko ƙyalle ko fata ko ganye ko gwangwani, ya liƙa su a kan allo ko kwali, wani lokaci ya ƙara da fenti ko tawada ko ɗinki, har ya fitar da abin da yake so ya nuna.

A tarihin zanen Turai ana danganta farkon wannan salo da shekarar 1912 a ƙasar Faransa. A shekarar ce Pablo Picasso, ɗan ƙasar Sifen mazaunin birnin Faris, ya liƙa wani yankin ledar tebur mai zanen saƙar kujera a kan hotonsa, ya kuma kewaye hoton da igiya a matsayin firam. 'Yan watanni bayan haka abokinsa Georges Braque ya sayi takardar ado ta bango mai kama da katako, ya yayyanka ya liƙa a kan zanen gawayi. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wani Bajamushe mai suna Kurt Schwitters ya riƙa tsintar tsofaffin tikitin mota da guntayen jarida a titunan birnin Hanoba yana haɗa hotuna da su. Shi kuwa Henri Matisse, da rashin lafiya ta hana shi tsayuwa bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, kuma da wannan aiki ya ƙare rayuwarsa a 1954.

To, idan mai karatu ya ajiye waɗannan sunaye gefe guda, ya dubi aikin kansa, zai ga cewa kakanninmu sun daɗe suna yin sa tun kafin Bature ya sa masa suna.

Dukawa su ne malaman farko

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a rumfar baduku. Damagaram tsohuwar cibiyar jima da dukanci ce tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, lokacin da ayarin raƙuma ke tasowa daga Kano su yada zango a nan kafin su nufi Agadas da Tarabulus. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta Arewacin Afirka take isa gare su.

Majemi zai jeme fata da bagaruwa. Daga nan a rina ta: ja daga karan dafi, rawaya daga gangamau, baƙi daga kuloko, sannan ga koriyar fatar nan da ake kira korino, wadda saboda tsadarta ba a yin almubazzaranci da ita. Baduku zai yanka ƙananan siffofi a jikin jar fata, ya shimfiɗa koriya ko fara a ƙarƙashi domin ta leƙo ta cikin hudojin, ya liƙe, ya bi da ɗinki. Wani lokaci kuma ya ɗaye saman fatar da bakin aska domin farin ciki ya bayyana. Da haka ake ƙawata gafaka da zabira da burgami da tumtum da kuben takobi da kayan doki. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ya ga baje kolin wannan fasaha a bisa dawakai, fata da ƙarfe da ulu da madubi duk a jikin linzami ɗaya.

Magina ma ba a bar su a baya ba. Unguwar Birni ta Damagaram, wadda gwamnatin Nijar ta gabatar da sunanta ga hukumar UNESCO a 2006 cikin jerin wuraren da take neman a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, ta shahara da gidajen ƙasa masu zanen dagi da launuka a fuskar zaure. A tsofaffin soraye na ƙasar Hausa magini kan dasa tasa ko farantin tangaran a tsakiyar rufi, daidai inda bakan gizo suka haɗu. A birnin Zariya kuwa, da zamani ya zo, sai magina suka riƙa fitar da surar keke da mota da agogo a jikin bango tare da tsohon dagi, ba tare da wani ya ce sun ɓata al'ada ba.

Haka abin yake ga makiyaya. Matan Fulani Wodaɓe kan jera ƙorensu na ado a lokacin taron dangi, wasu an yi musu sassaƙa, wasu an manna musu madubai da takarda mai ƙyalli. Samarinsu kuma, idan za su shiga rawar Gerewol, sukan haɗa layu da wuri da gashin jimina da duk wani abu mai walƙiya da suka samu a kasuwa, har da zif da sarƙar agogo.

Ɗakin amarya, gasar da ba ta da alƙali

Abin da ya raya waɗannan sana'o'i shekara da shekaru bai tsaya ga buƙata kaɗai ba, akwai gasa a ciki. Idan mai karatu ya kai shekara arba'in zai tuna yadda ranar jere take. Gwaggwanni da ƙannen uwa za su wuni suna ɗora kwalla kan kwalla, samira kan samira, a jera langa da fanteka da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, a liƙe bango da faifai da tabarmi masu launi, a rataya ƙyallaye. Washegari matan unguwa su yi ta shigowa ganin ɗaki. Babu alƙali, babu kofi, amma kafin la'asar duk gari ya san ɗakin wace amarya ya fi tsari, kuma uwar da za ta aurar da 'yarta a kaka mai zuwa ta riga ta fara tunanin abin da za ta yi ta zarce. Wannan kishi na alheri shi ke sa mai saƙar faifai ta ƙirƙiro sabon zubi, mai tabarma ta gwada sabon rini.

Samari ma suna da tasu. Damagaram ta yi suna da wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon sarki da gwamna da shugaban ƙasa da muƙarrabansu. Sunan wasan ya samo asali ne daga karan hatsi, wanda da shi ake ƙera kayan wasan. Da kara da ƙaya da tsumma yaro zai haɗa tabarau da bindiga da na'urar ɗaukar hoto, kuma jama'a su ne ke yanke hukuncin wanda ya fi gwaninta da yawan dariya da tafi. Mai shirya fina-finan nan na Nijar, Inusa Usaini, ya yi fim a kan wannan wasa. Haka nan idan azumi ya kai goma, yara masu tashe kan haɗa gemun auduga da rawanin tsumma da tumbin ƙwarya, kowace ƙungiya tana son ta fi ta unguwar gaba.

Hukuma ma ta taɓa gane amfanin gasa. Bayan Janar Saini Kunce ya karɓi mulki a 1974, an farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya a kowane gari da ƙauye, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976. Ana soma tankaɗe da rairaya daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, a fagen waƙa da rawa da wasan kwaikwayo da sauran fasahohi, kafin a haɗu a babban taro. Ta wannan hanya yaron ƙauye ya san cewa idan ya yi abin kirki akwai inda za a gan shi. Kokawar gargajiya, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a Tawa a 1975, har yau tana nan da ƙarfinta, domin kowace shekara akwai takobin da ake nema. Sana'ar hannu kuwa ba ta samu irin wannan gata ba.

Yadda kasuwa ta juya baya

Masu iya magana na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abubuwa da dama sun taru sun karya kasuwar masu aikin hannu a wannan yanki.

Na farko shi ne kayan kamfani. Tabarmar roba ta fi ta kaba araha, kuma ruwa ba ya ɓata ta. Takalmin roba da jakar leda 'yan Sin sun cika rumfuna. Ɗakin amarya ya koma na gado da katifa da kabad da setin kwanukan da duk inda ka je iri ɗaya ne, don haka ganin ɗaki ya koma lissafin kuɗin da aka kashe, ba a tambayar wa ya iya tsari.

Na biyu shi ne ɗaukewar baƙi. A da Turawa masu yawon buɗe ido da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji su ne manyan masu sayen kayan dukawa da maƙera a Agadas da Damagaram da Yamai. Tawayen arewa na 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya sun tsinke wannan hanya. A watan Janairu na 2011, bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai, Amurka ta kwashe matasanta 'yan sa-kai da suka shafe kusan shekara hamsin suna aiki a ƙauyukan Nijar. A watan Janairu na 2015 kuma aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram a lokacin zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa, alhali tana cikin 'yan wuraren da masu zane ke samun bangon rataya aikinsu. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, rufe iyakar Nijeriya da Nijar na tsawon watanni ya tsayar da fataken da ke kai kaya Kano da Nguru da Gashuwa.

Na uku shi ne ƙasar kanta. Rairayi na ci gaba da malalowa cikin kwarurukan yankin Gure, goruba na shan sara, mai neman kaba sai ta yi tafiya mai nisa fiye da yadda uwarta ta yi. A daidai wannan lokaci kuma leda ta mamaye gari. Nijar ta kafa dokar hana shigowa da sayar da ledar nan marar kauri tun a 2014, amma duk wanda ya zagaya bayan kasuwa bayan an watse zai ga yadda ta maƙale a jikin kowace ƙaya, kuma mahauta sun san irin tulin da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya.

Illar duk wannan ita ce, ɗan baduku ba ya son zama a rumfar ubansa. Ya gwammace ya hau kabu-kabu, ko ya nufi wuraren haƙar zinariya na Jado, ko ya tsallaka Libiya. Jihar Damagaram ba za ta manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada a kan hanyarsu ta zuwa Aljeriya. Ba wanda zai ce faifai da zabira za su hana irin wannan tafiya, amma duk sana'ar da ta mutu a ƙauye ƙarin dalili ne na barin gida.

Waɗanda suka mai da shara dukiya

Wani abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da muke raina namu, 'yan Afirka ne ke kan gaba a wannan fasaha a duniya. El Anatsui, haifaffen ƙasar Gana a 1944, ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975. Marafan kwalabe da aka zubar yake tattarawa, matasan da ke aiki a ƙarƙashinsa su daddaƙe su, su huda, su ɗinke da wayar tagulla, har su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da zai rufe bangon bene. A 2015 an ba shi babbar lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin birnin Benis na ƙasar Italiya, a 2023 kuma aikinsa ya cika babban zauren gidan zane na Tate Modern da ke Landan. An sha sayar da aikinsa guda ɗaya a kan fiye da Dalar Amurka miliyan ɗaya.

Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Farfesa Dora Akunyili ta hukumar NAFDAC, tana haɗa fenti da ƙyallen atamfa da hotunan tsofaffin mujallun Nijeriya. A 2017 an sayar da wani aikinta a Landan a kan sama da Dala miliyan 3. A Jamhuriyar Benin kuma, Romuald Hazoumè ya yi suna ne da jarkokin da 'yan fasa-ƙwauri ke ɗauko fetur da su daga Nijeriya.

Tushen wannan tunani yana kusa da mu. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon malamansu Turawa ba, za su haɗa dabarun zamani da fasahar da suka gada a gida. Yawancinsu daga Kudu suka fito, kuma zanen gargajiyar garuruwansu suka koma suka ɗebo. Abin tambaya a nan shi ne, su waye za su yi wa dagi da korino da saƙar kaba irin wannan hidima?

Gaskiyar magana, bai kamata a yaudari yaron Gidigir da labarin miliyoyi ba, domin cikin dubban masu zane ɗaya ne ke kai wa can. Darasin da ke ciki ya fi wannan sauƙi. Abin da ya ɗaga darajar marfin kwalba shi ne sabon tunani da wurin nunawa. Mai faifan da ta zo da zubin da babu irinsa a kasuwa ita ke yanka farashi, saura kuwa sai abin da mai saye ya taya.

Gasar da ba ta buƙatar kuɗi

A ƙasashen waje masu wannan fasaha sun gano cewa ba sai an jira gwamnati ba. Tun 2018 suka keɓe Asabar ta biyu ta watan Mayu a matsayin ranar liƙe-liƙe ta duniya, inda ake taruwa a makarantu da ɗakunan karatu kowa da almakashinsa. Akwai kuma al'adar da wani Ba'amurke mai suna Jake Parker ya fara a 2009, ta yin zane ɗaya da tawada kowace rana a watan Oktoba. Ƙa'idar irin waɗannan gasa ɗaya ce: a ba kowa kalma guda, a ba shi wa'adi, kowa ya kawo abin da ya fahimta, a baje a gani. Sau da yawa ma babu kyauta.

A Nijar akwai manyan tarurruka. Akwai bikin nuna tufafi na FIMA da Alfadi ya fara a hamadar Tigidit a 1998, akwai baje kolin sana'o'in mata na SAFEM da aka fara a Yamai a 2000, sannan a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓi baƙunci a watan Disamba na 2005 an yi gasar zane da sassaƙa da ɗaukar hoto. Matsalar ita ce, daga Gidigir zuwa Yamai ya haura kilomita dubu, kuma matar da ke saƙa a gindin goruba ba ta da kuɗin mota, ba ta ma san ranar da ake yi ba. Tsanin da Samariya ta kafa daga ƙauye zuwa birni shi ne ya karye.

Gyara shi ba ya buƙatar kasafin kuɗi mai yawa. Malamin firamare ɗaya, ko shugabar ƙungiyar mata, ko wata fada ta samari, za su iya farawa. A zaɓi kalma ɗaya kowane wata, misali rijiya, ko raƙumi, ko rairayi, ko ranar kasuwa. Kowa ya samo kwali mai faɗin littafin makaranta daga wajen mai shago. Sharaɗin kawai shi ne kada a sayi komai. Guntun fata yana nan a ƙasan rumfar baduku, ƙyalle yana wajen tela, ga ragowar kaba, ga ƙwallon goruba, ga rairayi fari da ja, ga ledar da ke kashe awaki, wadda idan aka wanke aka murɗa ta takan zama igiya mai launi. Abin liƙawa ma ƙasar ta tanada, domin yankin Gure na cikin wuraren da ake samun ƙaro. A jiƙa shi a ruwa ya kwana, a tace da tsumma, ya isa ya riƙe takarda da ƙyalle da rairayi. Abin da ya yi nauyi kuma a ɗinke shi da zare da basilla. Ranar kasuwa a rataya ayyukan a jikin zana, a gayyato tsohon baduku da gwanar saƙa da magini su yi alƙalanci. Wanda ya yi fice a kai aikinsa Gure, na Gure a kai Damagaram.

Akwai abubuwan da ya wajaba a kiyaye. Kada a yanka ko a liƙa takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, kuma jaridu da kalandu da yawa suna ɗauke da su. Kada yara su taɓa tsohon batir ko gwangwanin maganin ƙwari ko sharar asibiti, kada kuma a narka leda da wuta saboda hayaƙinta. Iyayen da ke ƙyamar surar abu mai rai su kwantar da hankalinsu, domin fasaharmu ta gado, daga zayyanar allon mai saukar karatu zuwa dagin bangon zaure da aska takwas ta babbar riga, kusan dukkanta layi ne da kusurwa da launi.

Wasu za su ce mutumin da ke fama da abin da zai sa a tukunya ina ruwansa da liƙa tsumma a kwali. Amsar ita ce, a wajen wasa ake gane mai hannu. Yaron da ya iya daidaita ƙafafun motar waya shi ne gobe zai iya walda, yarinyar da ta iya haɗa launi a kwali ita ce za ta fitar da sabon zubin tabarma ko ɗinkin hula. Da yawa daga cikinmu da muka yi makarantar firamare a shekarun baya mun tuna darasin aikin hannu, inda kowa ke kawo tsintsiya ko igiya ko faifan da ya yi da kansa. A makarantar da ni na yi, daga baya sai aka koma karɓar kuɗi a madadin aikin, wanda ya biya a ba shi maki. Tun daga ranar babu wanda ya sake koyon komai a wannan darasi.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Saboda haka muna kira ga hukumomin ƙaramar hukumar Gidigir da na gundumar Gure, da sarakunan gargajiya, da jami'an ilimi da na al'adu na Jihar Damagaram, da su ware ko da rumfa ɗaya ce a kasuwa domin wannan baje koli. Gidajen rediyon karkara su riƙa sanar da kalmar wata da sunan wanda ya yi nasara, domin jin suna a rediyo ya fi wa yaro sabulu da littafi daɗi. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da gidan tarihin jihar su tura ɗalibai su ɗauki hotunan tsofaffin zubin fata da na kaba tare da sunayensu, tun masu su na raye. Attajiranmu da ke ƙawata falo da furen roba daga Dubai, su gwada rataya aikin gida ko da guda ɗaya ne. Wannan kira ya shafi Machina da Nguru da Daura da Gumel kamar yadda ya shafi Gidigir, domin cutar iri ɗaya ce.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsofaffin da suka san yadda ake haɗa korino suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma yaran da ke tura motar waya a bakin kasuwa suna nan, kuma ba su jira kowa ya koya musu ba. Abin da ya rage shi ne a samu wanda zai tara su ya ce, bari mu ga wanda ya fi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, amin.